Yadda Na Gaya wa Inna Nisan Landan

Goggonku Asabe ta daɗe tana ba ku labarin nan, kuma duk sanda ta ba da shi sai ta rufe da cewa na yi wa mahaifiyata ƙarya na gudu Ingila. To tunda Allah ya ara mini kwana har na zauna ina rubuta waɗannan takardu, bari in gyara. Ban gudu ba, da rana tsaka na tafi, har da 'yan rakiya. Ƙarya kuma ban yi ba. Tambaya aka yi mini, na ba da amsa daidai. Laifina shi ne na yi shiru a inda ya kamata in ƙara magana. Ku karanta ku yanke hukunci da kanku.

Lokacin ina aiki a wata masaƙa a Bompai, shekara biyu ko uku bayan an canza kuɗi. Da shara na fara, ina kwashe burbushin auduga a ƙarƙashin injina, na koma mai ɗaura zare, har na zama wanda ake nema in inji ya tsaya. Karatuna bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba ni kunne: a cikin ƙarar injina fiye da ɗari ina iya jin wanda ke shirin lalacewa tun kafin ya tsinka zare. A Dakata muke zaune, gidan haya mai ɗaki uku, ni da Ummanku Binta, tana da cikin fari wata bakwai, sai Inna. Ɗaki na ukun na Kawu Tanimu ne, ƙanen Inna, direban babbar mota, wanda ba ya kwana uku a jere a gari ɗaya.

Sai kun san Inna kafin ku gane abin da ya faru. Mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Damagaram. Tana ƙarama mahaifinta ya ɗauki sanda ya nufi Makka a ƙafa, sai bayan shekara huɗu wani mai dawowa ya kawo labarin ya rasu a hanya. Mahaifina kuma ya tafi Kurmi fataucin goro, can ciwo ya kama shi, baƙi suka binne shi. Ni ne autanta, kuma ni kaɗai ne namijin da ya rage mata. Saboda haka ta kafa mini doka tun ban fara aske gemu ba: duk inda zan je a duniya, ya zama in ta cika da asuba zan iso kafin a kai ta makwancinta da la'asar. Da wannan doka ta hana ni aikin reluwe a Ikko, da ita ta hana ni shiga soja. Ba ta faɗa, ba ta zagi. Tambaya ɗaya take yi, tafiyar kwana nawa ce, in ta ji amsa sai ta ci gaba da abin da take yi, magana ta mutu ke nan.

Wata ranar Litinin manajanmu, wani Bature da muke kira Mai Lofe, ya sa aka kira ni ofis. Ya ce kamfani ya sayi sababbin injina, za a tura mutum ɗaya Ingila ya yi wata huɗu yana koyon haɗa su da gyaransu, in ya dawo shi ne foman na ɓangaren saƙa gaba ɗaya. Ya ce ni suka zaɓa. Na yi godiya da bakina, amma zuciyata tana wurin Inna. Ikko ma da ke cikin ƙasarmu ta gagara, balle garin Sarauniya. Da na fito sai na tsaya wurin akawunmu Malam Garba, wanda ke yanko wa Turawa tikiti, na tambaye shi kwana nawa ake yi a hanya. Ya ce daga Kano zuwa Landan awa shida ne, wani lokaci da 'yan mintoci. Na ce ya bar wasa. Ya jawo takarda ya nuna mini lokacin tashi da na sauka. Na ƙirga da yatsuna sau biyu. Tun daga Bompai har Dakata ina taka keke ina lissafi: asuba da awa shida, ai ko azahar ba ta yi ba.

Binta na fara gaya wa, kuma ita na gaya mata komai. Na ce tikitin na kamfani ne, zuwa ɗaya dawowa ɗaya, ba jirgin da zan tare a bakin titi in ta haihu. Ta shafa ciki, sannan ta ce in tafi. Ta ce haihuwa ba da hannuna za a yi ba, kuma ta gaji da ganina ina dawowa da auduga a gashin ido kamar tsoho. Sai dai ta gargaɗe ni in gaya wa Inna gaskiya duka. Na ce to.

Na sami Inna a tsakar gida bayan la'asar tana kaɗi, Kawu Tanimu na gefe yana wanke ƙafa. Na durƙusa na zayyana mata zancen kwas da girman da za a ba ni. Ta bari na gama, ta yi tambayarta.

“Tafiyar kwana nawa ce?”

“Ba ta kai kwana ba, Inna. Awa shida ce a jirgin sama.”

Ta ajiye mazari ta dube ni. Ta ce wato in na fito bayan sallar asuba zan yi azahar a can. Na ce ƙwarai. Ta ce to ashe Ingilar nan da ake ta zuzutawa ko Damagaram ba ta kai ba, tunda mu in za mu gida wuni muke yi cur a mota. Kawu Tanimu ya tsaya da buta a hannu, ya fara cewa, Yaya, nisa fa daban, daɗewa a hanya daban, wannan ƙasa sai an ƙetare sahara an ƙetare teku. Inna ta katse shi. Ta ce shi da yake kwana uku kafin ya kai Ikko don ba mai shayin da yake wucewa bai tsaya ba, ba shi da bakin magana a kan tafiya. Ta ƙara da cewa ai biri ya yi kama da mutum, shi ya sa Turawa suka cika Bompai, ashe maƙwabta ne. Kawu ya dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa.

“Ka tafi, Auta,” in ji ta. “In yarinyar nan ta sauka sai ka zo suna ka koma.”

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Na ji Binta ta daina motsi a bakin murhu tana jira. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “In Allah ya yarda.” Da daddare Binta ta ce mini ta ji na jingina wa Allah abin da na san kamfani bai yarda ba.

Tun a shirin tafiya na fara girbar abin da na shuka. Abokan aikina a masaƙa suka ɗauke ni kamar mai tafiya lahira. Wani ya yafe mini faɗan da muka yi shekara biyu da suka wuce, wani ya ce in bar masa kekena tunda dai ba a san gawar fari ba. A gida kuwa Inna ko a jikinta. Da Binta ta ce za ta daka mini yaji ta soya nama, Inna ta ce wa ya taɓa yin guzuri don tafiyar rabin wuni, kada a maishe ta abin dariya a unguwa. Da na sayo wata tsohuwar rigar sanyi mai nauyi a Sabon Gari, ta ɗaga ta da yatsa biyu ta tambaya ko gadi aka ɗauke ni. Na ce can sanyi ake yi sosai. Ta ce garin da ke nan kusa ba zai fi Kano sanyi ba, sai dai in raki ne irin nawa. A ɓoye Binta ta cusa mini yaji da kuka da daddawa a cikin safa. Ranar tafiya 'yan ɓangarenmu suka cika motar Kawu zuwa filin jirgi, har da masu share hawaye. Inna kuwa tana wanke-wanke na je sallama. Ta kunce bakin zane ta ba ni goro biyu, ta ce a sauka lafiya, in ja mata ƙofa kada awaki su shigo.

Da hantsi muka tashi. Na zauna kusa da taga ina riƙe da kujera kamar za ta gudu. Ba a ma gama raba mana shayi ba, wani ɗan kasuwa da ke gefena ya nuna ƙasa ya ce ga Damagaram can mun wuce. Na leƙa. Tafiyar da muke wuni muna yi, da tsayawa a kan iyaka da faci da tura mota, an gama ta kafin shayina ya huce. Daga nan sai rairayi. Awa ɗaya rairayi, awa biyu rairayi, na yi barci na farka rairayi. Sannan ruwa, sannan duwatsu masu farin kai, sannan gajimare. Kowace awa ta wuce sai in ƙara ganin girman abin da na ɓoye wa tsohuwa. Da muka sauka kuma aka ce mu mai da agogo baya da awa ɗaya. Na ce a raina, da Inna ta ji wannan cewa za ta yi tafiyar ma awa biyar ce. Bayan Landan ɗin sai da na ƙara wasu awoyi a jirgin ƙasa zuwa garin da masana'antar take, can arewa, inda rana ke fitowa a makare ta koma da wuri kamar ma'aikacin gwamnati.

Zaman da na yi a can yana da nasa babi. Abin da ya shafi wannan shi ne wata safiya, ina da wata biyu da zuwa, ina kwance ƙarƙashin inji, sai Baturen da ke koya mini ya zo da wata 'yar takarda yana murmushi. Saƙo ne daga ofishinmu na Bompai, ta injin nan mai buga magana a takarda da ake kira teles. Kawu ne ya je ya faɗa wa Malam Garba, shi kuma ya juya da Turanci bai rage ko kalma ba. Baturen ya karanta mini da ƙarfi a gaban mutane: matarka ta haifi mace, suna lafiya, mahaifiyarka ta ce suna ranar Laraba, ka taso da ka idar da sallar asuba, kada ka tsaya surutu a hanya, ka taho da sabulu. Turawa suka yi ta tafi suna bubbuga mini kafaɗa. Malamin nawa ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko mahaifiyata tana da jirgin kanta ne.

Na shiga bayan wani tarin akwatuna na yi sujada, na yi dariya, na yi hawaye. Sannan na mai da amsa cewa ba halin zuwa, a ba Inna haƙuri, a raɗa wa yarinya sunanta, Hauwa. Na ɗauka takwara za ta sanyaya mata rai. Abin da ban sani ba shi ne Kawu ya karɓi amsar ya ninke ya sa a hula, ya rasa ta inda zai fara. Ragon suna ya saya, liman ya gaya wa sunan, amma Yayarsa ya kasa tunkara.

Sauran Binta ce ta ba ni labari. Ranar Laraba tun da sassafe aka raɗa suna, Inna ta ce wa mutane uban yana hanya, yanzu haka ya baro. Ta tuƙa tuwon dawa da hannunta, miyar kuka da man shanu yadda nake so, ta rufe a akushi ta hana kowa taɓawa. Kun san Dakata ba ta da nisa da filin jirgi. Duk jirgin da ya ratsa sai ta fito tsakar gida ta kare ido da hannu ta ce ga shi nan, a shimfiɗa tabarma. An shimfiɗa tabarma sau huɗu. Da azahar ta ce ƙila ya tsaya sayen sabulun. Da la'asar ta ce ƙila bai sami jirgin farko ba ya jira ya cika. Sai gab da magariba, mata sun fara watsewa, Kawu ya cire hula ya fito da takarda. Ya gaya mata abin da ke ciki. Inna ta ɗauki akushin ta miƙa wa Kawu ta ce ya cinye, ta tsaya a kansa har ya share, alhali ya riga ya ƙoshi da naman suna. Washegari ta ce wa maƙwabta ɗanta ya zama Bature, yana nan bayan gari amma ya fi ƙarfin zuwa sunan 'yarsa. Ga mijin Ladi mai ƙosai, daga Fatakwal ya zo suna a jirgin ƙasa, kwana biyu a zaune.

Ke kuma Hauwa, tunda sunan Inna gare ki ba mai iya kiran ki da shi a gidan, dole a nemo laƙabi. Ummanki ta so a ce Ummi. Kawu da bakinsa ba ya shiru ya ɗaga ki ya ce ga Hauwa, ga awa, ai wannan Awa-Shida ce. Ga asalin sunan da kika yi ta faɗa da 'yan makarantarku a kansa. Ba ni na sa miki ba, amma ni na jawo miki.

Na dawo bayan wata huɗu na rame, da sabulu katan guda. Na ɗauki 'yata ta dube ni ta callara kuka, don ba ta san ni ba. Wannan bai yi mini ciwo kamar na Inna ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce lafiya, ta juya. Ba Auta, ba sannu da hanya. Na ajiye mata sabulu da mayafi, ta sa aka kai wa Binta. A masaƙa an ba ni foman, mutum sittin a ƙarƙashina, Mai Lofe na kirana da sunana, Isiyaku. A gida kuwa in na shigo sai uwata ta tashi ta shiga ɗaki. Kwana tara muna haka.

Rana ta goma, Juma'a ce, na roƙi Malam Garba ya rubuta mini nisan a takarda: mil dubu biyu da ɗari bakwai da ɗoriya. Na kai wa Kawu na ce shi ya san hanya, kuma shi ma yana da kaso a laifin, ya taimake ni. Muka sami Inna bayan an sauko daga masallaci tana tsintar wake a faifai. Kawu ya zauna a gabanta ba tare da an ba shi izini ba, ya ɗauki ƙwayar wake ɗaya ya ajiye a bakin tabarma. Ya ce, Yaya, wannan daga nan zuwa Damagaram ke nan, wuni guda a mota. Ya ajiye ta biyu a gabanta ya ce wannan kuma a ce kin isa kin sake yin wata tafiyar kamarta, kin miƙe arewa. Ya ajiye ta uku. Inna tana tsintarta kamar ba ta ji, amma na ga hannunta ya rage sauri. Kawu ya yi ta jerawa, wake ya ƙare tabarma ya hau kan ƙasa, ya wuce turmi. Da ya ajiye ta goma sha takwas ya ce nan ne Landan, kuma daga wajen ta goma sha biyu ba hanyar mota, ruwa ne.

Inna ta ajiye faifai. Ta tashi ta bi layin waken da ƙafa har ƙarshe, ta dawo. Ita ba ta san mil ba, amma ta san tafiyar ƙasa, don tana yarinya ta zo Kano da ayari, kwana tara. Na ga leɓenta na motsi tana lissafi.

“Wata biyar da ɗori ke nan a ƙafa,” in ji ta.

“Haka ne, Inna.”

“Nan ka je?” Ta nuna ƙwayar ƙarshe da yatsan ƙafa.

“Har na ɗan wuce.”

“Da goro biyu.”

Na ce ta yafe mini. Na ce tsoro na ji, na san in na faɗa mata duka za ta hana ni.

“Da na hana mana,” ta ce. “In hana, ka daina cin abinci, yarinyar nan ta zo ta yi mini kuka, Tanimu ya kawo liman, bayan kwana uku in bari. Ai haka ake yi. Sai in yi maka addu'ar da ake yi wa mai tafiya mai nisa. Ni ta zuwa kasuwa na yi maka.”

Ta zauna a kan turmi ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fara kuka. Kukan rabuwa sosai, irin wanda ake yi wa mai tafiya Makka a da. Tana yi tana cewa Allah ya tsare mata Auta a kan ruwa, Allah ya kare shi daga sanyin ƙasar mutane, Allah ya dawo da shi ta gan shi da idonta. Ni kuwa ga ni durƙushe a gabanta, kwanana goma da dawowa, ina amsawa da amin. Binta ta fito da jaririya a kafaɗa ta tsaya, ta rasa dariya za ta yi ko kuka, ta haɗa duka biyun. Kawu ya sunkuya yana tsince wakensa ɗaya bayan ɗaya don kada kowa ya ga fuskarsa. Maƙwabta suka leƙo suna tambaya wa ya rasu, aka ce musu ba kowa, Isiyaku ne zai tafi Ingila wata huɗu da suka wuce.

Ta yafe mini a ranar, amma ba ta ƙara yarda da awa ba har ta koma ga Allah. Ko Zariya aka aike ni sai an kira Kawu ya zuba wake. Bayan shekara uku da kamfani ya so tura ni Japan, ni da kaina na ce a ba wani, don na tambayi Malam Garba na san tsakar gidanmu ba zai ɗauki layin ba. Wanda ya tafi a madadina shi ya zama manaja daga baya, ni kuma a foman na yi ritaya. Ban taɓa jin haushin haka ba.

Asabar da Lahadin da suka biyo bayan kukan, Inna ba ta zauna ba. Ta aika aka sayo nama, ta soya, ta daka dakuwa, ta yi yaji kwalba biyu, ta kirɓa fura ta shanya. Binta ta ce mata, Inna, ai ya dawo. Ta ce ta sani, ba makauniya ba ce. Ranar Litinin da safe na fito da keke zan tafi aiki, na tarar ta ɗaure ƙunshin a bayan sirdi, ta ɗora rigar sanyin nan a kai. Ta rako ni har bakin titi, abin da ba ta taɓa yi ba, ta riƙe kan keken ta yi addu'a mai tsawo, manyan motoci na wucewa suna mana ham. Jiniyar masaƙa ta yi kuka ina nan tsaye. Ranar ce kaɗai na taɓa makara a aiki, na shiga ƙofar kamfani da guzurin wata huɗu, bayan tafiyar minti ashirin.